Ɗan talakan da ya zama lauya, kotun karkara ce ta fi buƙatarsa

Duk lokacin da aka rantsar da sababbin lauyoyi a Abuja, hotuna kan cika Facebook da WhatsApp. Saurayi sanye da baƙar riga da farar hular nan ta gashi, a gefensa tsohuwa tana share hawaye da bakin mayafi. A ƙasa an rubuta cewa maraya ne, da ƙwadago ya yi karatu, yau ga shi barista. Sai addu'o'i su biyo baya: Allah ya kai ka matsayin SAN (babban lauyan Najeriya), Allah ya sa ka zama minista, Allah ya sa ƙarshen wahala ke nan. Da zuciya ɗaya nake cewa amin, domin na san abin da aka sha kafin a kai ga wannan hoton. Amma akwai addu'ar da nake so mu riƙa haɗawa da waɗannan: Allah ya dawo mana da shi gida, ya tsaya a kotun Gumel ko ta Birnin Kudu ko ta Rano, ya zama lauyan gwamnati mai tsoron Allah.

A ganina, yaron da ya tashi cikin rashi ya zama lauya, babu inda zai fi amfani kamar aikin al'umma a karkara, ko a ma'aikatar shari'a ta jiha, ko a hukumar da ke tsaya wa marasa hali a kotu, ko a kujerar majistare. Kuma bai dace a ce haƙurinsa kaɗai ne zai zaunar da shi a wannan aiki ba. Gwamnati na da abin yi, mu ma mutanen ƙauye muna da namu, kuma har yanzu dukanmu ba mu yi ba.

Yaron ƙauye da ke son karatun lauya, tun daga sakandare ake fara tace shi. Jami'o'i na neman ya ci Turanci da Adabin Turanci, alhali makarantun jeka-ka-dawo da yawa a karkara ba su da malamin adabin ko guda. In ya haye wannan, ga JAMB, ga kuma ƙayyadadden adadin ɗalibai da hukumar kula da karatun lauya ta yanka wa kowace jami'a, don haka gurbi kaɗan ne, masu nema kuwa ba iyaka. In Allah ya sa ya shiga jami'ar Bayero ko harabar Kongo ta jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, shekara biyar ce cif, in babu yajin aiki, kuma na 2022 kaɗai wata takwas ya cinye. Daga nan sai Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda aka kafa da dokar 1962. Muna da reshenta a nan Bagauda, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, amma ana iya jefa ɗalibi Bwari ko Legas ko Enugu ko Yola. Shekara guda ce, kuɗinta ɗaruruwan dubban naira ne, ban da abinci da littattafai da baƙaƙen kayan shiga aji, ban da riga da hular da zai saya ranar rantsuwa. Ga mai albashi ma wannan nauyi ne, balle bazawarar da ke soya ƙuli-ƙuli. A wannan gaɓar da yawa suke tsayawa, ga digiri a hannu amma babu damar tsayawa gaban alƙali.

Akwai wani ɗan garinmu a ƙasar Ringim, ba zan kama sunansa ba don ba zai so ba. Yana aji huɗu na firamare mahaifinsa ya rasu, ya bar gona biyu da 'ya'ya biyar. Baffansu ya ce zai riƙe gonakin har yara su tasa. Ɗaya ya sayar, ɗayar ya ci gaba da nomawa, in an yi kaka ya aiko da dami biyu. Uwar ta je wurin mai unguwa, aka ce ta yi haƙuri, zumunci ya fi gona. Ta koma dakau da ƙuli-ƙuli, yaron ne ke ɗaukar faranti in an tashi daga makaranta. Da ya ƙara tasawa, damina ƙwadago, rani kuwa Kano yake tafiya tura kurar ruwa. Da haka ya yi difloma a kwalejin shari'a ta Ringim, ya yi koyarwa, ya ɗan tara, ya shiga jami'a a lokacin da sa'o'insa sun daɗe da ajiye iyali. Kuɗin Bagauda kuwa, awakin mahaifiyarsa da karo-karon da aka yi masa a masallacin Juma'a ne suka biya. Da ya gama bautar ƙasa wani abokin karatunsa ya samo masa gurbi a ofishin wani babban lauya a Abuja. Ya yi godiya, ya karɓi aikin ma'aikatar shari'a ta jiha. Mutane da yawa a gari sun ce ya yi wauta, har yau wasu na faɗa.

Na taɓa raka shi wani ƙauye a kan babur, neman wani dattijo da aka kashe wa ɗa a rikicin iyakar gona. Shi ne babban shaida, an aika masa sammaci bai zo ba, shari'ar na neman rushewa. A takarda, abin da za a rubuta shi ne shaida ya ƙi halarta. Muka same shi a gindin rumbu yana gyara ƙotar fartanya. Bayan gaisuwa da ta'aziyya, barista ya durƙusa ya ce, "Baba, me ya hana ku zuwa?"

Dattijon ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Ɗan nan, wancan karon tiya shida ta gero na sayar na yi kuɗin mota. Na wuni a baranda ko ruwa ban sha ba, da la'asar aka ce an ɗage. Yanzu ga shuka ta kama. Kuma an ce mini in na yi kuskuren magana gaban alƙali, ni ma rufe ni za a yi."

Barista bai karanto masa sashen doka ba. Ya tambaye shi ranar kasuwarsu, don ranar ce kaɗai mota ke shiga garin. Ya ce zai roƙi kotu ta sa wannan ranar, a kuma fara sauraronsa da safe don ya samu motar komawa. Sannan ya ce, "Baba, in aka yi muku tambayar da ba ku gane ba, ku ce ba ku gane ba. Kada ku ce e don kunya. In an ce ƙarfe nawa abin ya faru, kada ku ƙirƙiro lokaci, ku ce bayan la'asar ne, tunda iyakar abin da kuka sani ke nan." Dattijon ya zo, ya ba da shaidarsa.

Wanda bai taɓa auna kuɗin mota da tiyar gero ba zai iya zama lauya nagari, ban musa ba. Amma da wuya tambayar ranar kasuwa ta zo masa a rai. Da wuya ya gane cewa talaka in ya shiga babbar kotu, inda da Turanci ake magana sai tafinta ya juya, yakan amsa da e ga duk mai baƙar riga don yana ganin musu da babba rashin ladabi ne. Ummu Salama ta ruwaito, cikin Buhari da Muslim, cewa Manzon Allah (SAW) ya ce shi mutum ne, ana kawo masa husuma, mai yiwuwa wani ya fi wani iya tsara hujjarsa, sai ya yi hukunci bisa abin da ya ji; wanda aka yanka wa haƙƙin ɗan'uwansa kada ya karɓa, domin yankin wuta ne aka yanka masa. In har a gaban Annabi ana iya samun wanda ya fi abokin shari'arsa iya baki, ina ga kotunanmu? Mai kuɗi yana hayar bakin da zai yi masa magana. Manomin ƙauye ba shi da wannan halin, sai dai in gwamnati ta ajiye masa, kuma wanda za a ajiye masa ya kamata ya zama mai jin abin da yake faɗa har da wanda kunya ta hana shi faɗa.

Inda abin ya fi ciwo shi ne zaman jiran shari'a. Alƙaluman hukumar gidajen gyaran hali ta ƙasa sun daɗe suna nuna cewa wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare ba a yanke musu hukunci ba. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kuwa kwana biyu, kuma in ya yi wata biyu a tsare ba a yi masa shari'a ba a sake shi, da sharaɗi ko ba sharaɗi. Sai dai sashen ya keɓe wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne, kuma ta wannan ƙofar ake shigewa da mutane. Da zarar an rubuta fashi da makami ko kisan kai a takardar tuhuma, sai a kai mutum gaban majistare, wanda ba shi da hurumin yin irin wannan shari'ar. Iyakar abin da zai yi shi ne ya aika da shi gidan yari, a jira shawarar ma'aikatar shari'a. Sai 'yan sanda sun kwafi fayil sun aika. Wani lokaci babu kuɗin kwafin, wani lokaci a yi wa jami'in da ya yi binciken canjin wurin aiki, fayil ya kwanta babu mai tambayarsa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ba da kwana 14 a fitar da wannan shawara bayan fayil ya iso, Kano da Jigawa ma sun yi tasu dokar a 2019. Duk da haka, duk wanda ya taɓa kai wa ɗan'uwansa abinci a gidan yari ya san akwai masu shekaru a ciki suna jiran takarda ɗaya.

Lauyan gwamnati ne ke rubuta wannan takardar. Shi zai karanta bayanan shaidu ya ce akwai hujjar gurfanar da mutum a babbar kotu, ko babu, a sallame shi. Sashe na 211 na tsarin mulki ma ya ba Antoni Janar na jiha ikon dakatar da ƙarar laifi gaba ɗaya. Ke nan ɗan acaɓar da ya ɗauki fasinja bai san ko waye ba, aka wayi gari aka haɗa da shi cikin zargin fashi, makomarsa na hannun wani matashin lauya da ke zaune bayan tulin fayil a Dutse ko Kano. Kafin takardar ta fito, a gida an jinginar da gona, an kai kuɗi wurin masu cewa za su yi hanya, duk da an rubuta beli kyauta ne a bangon ofisoshin 'yan sanda. An cire yara daga makaranta. Iyayen matarsa sun fara maganar a raba auren. In Babban Jojin jiha ya zaga gidajen yari ya saki wasu, ko gwamna ya biya wa wasu tara da azumi, alheri ne kuma muna godiya, amma lokacin an riga an yi ɓarnar. Lauyan da ya taso a gidan da babu uba ya san abin da mako ɗaya ke nufi a gidan da mai nemowa ba ya nan. Ba na tsammanin irinsa zai iya tashi daga ofis hankali kwance ya bar fayil ɗin da ya san babu komai a cikinsa.

Ba laifuka kaɗai ba. Yawancin abin da ke kai mutanen karkara kotu shi ne aure da saki da ciyar da yara da bashi da iyakar gona da gado, kuma a kotunan shari'ar Musulunci ake yin su. Allah ya yanka wa matar mamaci tumuniya in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu, ya yanka wa 'ya'ya mata rabonsu. Wannan kowa ya ji shi a wurin tafsiri. Amma gonaki nawa ne a ƙasar Hadejia da Kazaure da Ƙaraye suke hannun baffanni da yayye maza da sunan riƙo, shekara da shekaru ba a raba ba? Macen da ta ce a raba sai a ce ta tona asirin gida. Abin da take buƙata shi ne wanda zai gaya mata cewa haƙƙinta ne, ya nuna mata inda za ta shigar da ƙara da shaidun da za ta kawo, ko ya zauna da dangi a yi sulhu na gaskiya, wanda ba za a kira danniya da sunan haƙuri ba. Haka batun ƙasa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar mallaka a karkara, amma mafi yawan manoma ba su da ita. In gwamnati ta karɓi gona don wani aiki, diyyar da doka ta tanada ta amfanin gona ce da itatuwa da gini, ba ta ƙasar kanta ba. Saboda haka kowace ɗorawa da kuka da mangwaro sai an ƙirga, kuma sai an samu mai karanta wa manomi takarda kafin ya dangwala yatsa.

Na san abin da dattawanmu ke cewa. Lauya mai mayar da ƙarya gaskiya ne, kuma shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba, gara mutum ya bar wa Allah. Ba a banza suka faɗa ba, sun ga lauyoyin da suka karɓi kuɗin marayu suka yi ta neman a ɗage shari'a har gonar ta ƙare. Amma mu tuna zamanin da babu lauya sam. A mulkin En'e doka ba ta yarda lauya ya shiga kotun alƙali ba. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a 1950, magoya bayan Malam Aminu Kano da yawa a ƙauyukan nan namu an ɗaure su, an yi musu bulala, kan zargin zagin hakimi ko yin taro ba izini, kowanne yana tsaye shi kaɗai gaban alƙalin da En'e ke biya albashi. Rashin lauya bai kare talaka ba a wancan lokacin. Kuma wakilci a shari'a ba baƙon abu ba ne a addininmu. Littattafan fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu ke aiki da su suna da babi guda a kan wakilci, da sharuɗɗansa.

Hauwa Ibrahim 'yar ƙauyen Hinna ce a jihar Gombe ta yanzu, ta taso tana talla kamar sauran 'yan matan ƙauye. Ta yi karatun lauya, ta yi shekaru tana lauyar gwamnati a ma'aikatar shari'a ta Bauchi. Tana cikin lauyoyin da suka tsaya wa Amina Lawal, matar ƙauye da wata kotun shari'a a Bakori ta yanke wa hukuncin jefewa a 2002. Da hujjojin fiƙihu suka yi aiki a gaban kotu, irin su haƙƙin janye iƙirari, da mas'alar kwantaccen ciki, da kurakuran da aka yi a zaman kotun farko. A Satumbar 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jihar Katsina ta soke hukuncin. Duniya ta fi tuna lambar yabo ta Sakharov da Majalisar Tarayyar Turai ta ba Hauwa a 2005. Ni abin da na fi riƙewa shi ne, da babu masu tsaya wa matar nan, da hukuncin da alƙalan Musulunci na sama suka tabbatar akwai kuskure a cikinsa ya zauna da sunan shari'ar Allah. Ga masu ganin aikin gwamnati ƙarshen hanya ne kuma, Mai Shari'a Aloma Mukhtar a matsayin ƙaramar lauyar gwamnatin Arewa ta fara a 1967, kuma a 2012 ita ta karɓi kujerar Alƙalin Alƙalan Najeriya daga hannun Dahiru Musdapher, mutumin Babura.

Kada a ɗauka ina cewa wahala ce ke gyara mutum. Mun ga waɗanda suka taso cikin yunwa, da suka samu kujera suka fi kowa tsanani a kan talaka, kamar suna fushi da abin da ya tuna musu baya. Mun ga kuma 'ya'yan masu hali da suka yi aiki tsakani da Allah. Ba na kuma son yadda muke ba da labarin maraya ya zama lauya kamar hujja ce cewa duk wanda bai kai ba shi ya so. Ƙannen ɗan garin namu mata biyu ko sakandare ba su shiga ba, kuma babu wanda ya ce ya fi su ƙwaƙwalwa. Talaucin da ya sha zalunci ne da sakaci, bai kamata a yi wa wani yaro irinsa ba. Abin da nake cewa kawai, tunda ya riga ya sha, ya fito da wani sani da ba a samu a aji, kuma asara ce a bar wannan sanin ya tafi tsara wa manyan kamfanoni yarjejeniya alhali kotunan garinsu na neman irinsa.

Akwai magana mai nauyi da za a iya mayar mini, kuma na yarda da nauyinta. Don me sai ɗan talaka ne za a ce ya sadaukar? Shi ne ke da uwa da ta tsufa a kan turmi, da ƙanne, da 'ya'yan 'yan'uwa da ake kawo masa riƙo. Ɗan mai kuɗi zai iya zama a ƙaramin albashi don gida na tallafa masa, shi kuwa albashinsa gida goma ke jira. In ya tafi inda za a biya shi da kyau, babu mai ikon zarginsa, ni ma ba zan zarge shi ba. Shi ya sa na ce nauyin a kan gwamnati yake. Lauyan da ke riƙe da fayil ɗin kisan kai, wanda dangin mai kuɗi za su iya ajiye masa albashinsa na shekara a cikin ambulan ɗaya, bai kamata a bar shi yana lissafin kuɗin man babur zuwa kotu ba. Kuma shi ne ba shi da uban gida. Antoni Janar na jiha kwamishina ne, gwamna ke naɗa shi, don haka siyasa ba ta nesa da ma'aikatar. Ranar da aka ce a sassauta wa yaron wane, ɗan babban gida in ya ƙi yana da wurin komawa. Ɗan bazawara in ya ƙi, ƙarin girmansa ne zai tsaya, ko a jefa shi inda ba zai sake ganin fayil mai muhimmanci ba. Dole dokar aiki ta kare irinsa, a sa duk umarnin janye ƙara ya zo a rubuce da sa hannun mai ba da shi.

Mu ma mutanen gari muna da namu laifin, kuma ba ƙarami ba ne. Ina zaune a zauren barista wani dare wani dattijo cikin danginsu ya yi sallama. An kama ɗansa da zargin sara wani makiyayi, kuma akwai shaidu. Ya ce, "Kai ne namu a can. Ka san yadda za ka yi takardun nan su ɓace." Barista ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, wanda aka sara shi ma ɗan wani ne. Fayil ɗin ma ba zan taɓa shi ba, tunda ɗan'uwana ne, doka ba ta yarda ba. Amma gobe zan raka ku wurin lauyan da zai tsaya masa, kuma zan tabbatar ba a zalunce shi ba." Dattijon ya tashi ko sallama bai yi ba. Kafin mako ya zagayo magana ta cika gari, wai ya manta da karo-karon da aka yi masa a masallaci. Wannan ya yi mini zafi ƙwarai. Waɗanda suka sa hannu a aljihu ranar nan sadaka suka yi don Allah, ba su sayi lauyan da zai ɓatar musu da fayil ba. In muna son ɗanmu ya hana a zalunce mu, sai mu haƙura in ya ƙi taya mu zaluntar wani, ko da wanda aka cuta baƙo ne a garin.

Dokokin da za a yi aiki da su suna nan a rubuce. Tun 1976 aka kafa Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa, aka sabunta dokarta a 2011. An yi ta ne don wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda ya koma naira 70,000 a 2024, wato kusan duk wanda ke zaune a ƙauye ya cancanta. Amma ofisoshinta galibi a manyan birane suke, lauyoyinta kaɗan ne, kuma mutumin Guri ko Maigatari ko Doguwa bai ma san da ita ba. Dokar ta 2011 ta ce mai neman zama SAN sai ya nuna shari'u aƙalla uku da ya yi kyauta a shekarar da ta gabata. Me zai hana ƙungiyar lauyoyi ta riƙa tura su ga fayilolin gidajen yarin karkara? Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama wani a madadin wani, ta hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniya, ta kuma ce a ajiye ɗan sanda mai shaidar lauya a kowane babban ofishin yanki. Dokar 2015 ta ce majistare ya riƙa leƙa wuraren da ake tsare mutane duk wata. Jigawa ta yi abin yabo da ta buɗe cibiyoyin ba da shawarar shari'a kyauta a wasu garuruwa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutanen da za su zauna a wurin su sa a bi waɗannan dokoki.

Ga abin da nake nema daga gwamnonin Kano da Jigawa da 'yan majalisun jihohin biyu. Jigawa na da ƙananan hukumomi 27, Kano na da 44. Lauya ɗaya a kowacce, mutum 71 ke nan, kuma wannan bai fi ƙarfin kasafin jihohin ba. A zaɓo su daga 'ya'yan marasa hali na yankin, maza da mata, don akwai maganar da matar aure ba za ta iya gaya wa namiji ba. Kada a jira sai sun zo roƙon kuɗin Bagauda a ƙofar ɗan siyasa. A ɗauki nauyinsu tun daga ajin farko na jami'a har ranar rantsuwa, bisa yarjejeniyar za su yi wa jiha aiki na wasu shekaru a karkara. Zaɓen ya zama ta jarrabawa, ba ta wasiƙar shugaban jam'iyya ba. Albashinsu ya fito daga ma'aikatar shari'a, ba daga hannun shugaban ƙaramar hukuma ba, domin wata rana shi za a kawo ƙara. A ba su alawus na zaman karkara, da babur, da kuɗin kwafin fayil, a kuma tura kowanne ƙaramar hukumar da ke maƙwabtaka da tasu maimakon garin haihuwarsa, ya ji harshen mutane amma dangi ba su kwana a zaurensa ba. Ofishin ya kasance kusa da kotu da ofishin 'yan sanda, a sanar da shi a masallatan Juma'a da gidan rediyo, kuma lallai a buɗe shi ranar kasuwar garin ko da ta faɗo Asabar ko Lahadi.